Ɗakin Ƙarshe a Gidan Malam Enoch

Ranar Asabar, ana gobe Ista, a shekarar 1981, da ƙarfe uku saura kwata na rana, wani dattijo ya tsai da babur a ƙofar caji ofis na Malumfashi, ya faɗa ciki bai ko kashe shi ba.

Sufeto Sada yana tsaye a bakin taga. Tun safe ya kasa zama. Kwana huɗu ke nan hadari yana haɗowa daga gabas yana watsewa, zafi ya hana kowa sakat. Biro ne a hannunsa, yana danna kansa, ƙas, ƙas.

"Yallaɓai, an yi sata a gidana."

"Fara kashe babur ɗinka, Malam. Mai ba ruwan rijiya ba ne."

Dattijon ya fita ya kashe, ya dawo yana share gumi da hula. Sunansa Malam Enoch. Da malamin asibiti ne, da ya aje aiki sai ya gina ɗakuna biyar a bakin wani ƙaramin dam kusa da Ƙarfi, inda iyalai ke zuwa su yi kwana biyu uku lokacin hutu.

"Me aka sace?"

"Hauya."

Kofur Ummaru, wanda ke bayan kanta yana rubutu, ya ɗago kai. "Hauya? A garin da kowane gida ke da goma?"

"Ba irin wadda ka sani ba ce, kofur. Kuma an kulle mace a sitona a kanta. Tani, mai yi mini wanki da shara. Shekara tara muna tare, ko ashana ba ta taɓa ɓata a gidan ba. Babban ɗan mai hauyar ya ce da idonsa ya gan ta. Ya ce in ba ku zo ba shi zai kawo ta a ɗaure."

Sufeto ya sa biro a aljihu. "Ummaru, ta da mota."

Gidan hutun ba wani babba ba ne. Ɗakuna biyar a jere, farare, kowanne da lamba a ƙofa. Na ɗaya yana jikin madafa, ƙarƙashin mangwaro. Na biyar yana can ƙarshe, bayansa dangar wani lambu. Mata da yara sun yi cirko-cirko a inuwa.

"Wane ne a wane ɗaki?" Sufeto ya tambaya tun bai gama fitowa daga mota ba.

"Inna Rahab a na ɗaya. Ƙaramin ɗanta Bitrus da matarsa a na biyu. Jikoki mata a na uku, maza a na huɗu. Babban ɗan, Malam Mark, da iyalinsa a na biyar. Amma yallaɓai, wannan ba komai ba ne. Ɗakunana duk ɗaya ne. Gado ɗaya, tabarma ɗaya, taga ɗaya."

"Za mu gani."

Inna Rahab tana zaune a bakin gado, tsohuwa ce siririya mai zane a kumatu. A gabanta akwai akwatin ƙarfe a buɗe.

"Sannu, Inna. Yaya muka ji da wannan abu?"

"Sai haƙuri, ɗana."

"Ki faɗa mini, wace irin hauya ce?"

Ta ɗan jima tana murza bakin zanenta. "Ta mijina ce, marigayi Labo. Shi har ya mutu bai shiga coci ba, yana kan al'adar kakanninsa. Shekarar da ya ɗaure dami dubu na dawa aka yi biki, aka naɗa shi Sarkin Noman ƙauyenmu, maƙeri ya ƙera masa ita. Zobban tagulla bakwai ne a ƙotarta. Ba a noma da ita. A gidanmu wanda aka miƙa wa hauyar shi ne mai gandu, shi ne kan gida."

"Me ya sa kika zo da ita wurin hutu?"

"Yaran nan biyu ba su zama inuwa ɗaya. In na kira su gidan wannan, wancan ba ya zuwa. Sai na ce mu zo inda ba na kowa ba, mu ci Ista tare, ranar Litinin in miƙa ta in huta."

"Wa za ki ba?"

"Ban faɗa wa kowa ba. Kai ma ba zan faɗa maka ba."

Sufeto ya durƙusa ya duba kwaɗon akwatin. Ba a fasa shi ba. A ciki ga agogon hannu, ga 'yan kunne a ƙulle cikin tsumma, ga zannuwa a ninke ba a ko hargitsa su ba.

"Ina kike aje makulli?"

Ta miƙa hannu ta ɗauko littafin waƙoƙin coci daga ƙarƙashin matashi. An yi masa riga da yadi, makullin yana cikin rigar. "Nan yake tun suna yara. Nan kuma na same shi da muka dawo."

"Ɓarawo mai ladabi," in ji Kofur Ummaru daga bakin ƙofa. "Ya buɗe, ya ɗauka, ya rufe, ya mayar da makulli."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya rubuta layi ɗaya a littafinsa, ya miƙe.

Siton yana bayan madafa. Da Malam Enoch ya buɗe, sai ga Tani zaune a kan buhun gawayi, gumi ya jiƙe ta. Mace ce mai kimanin shekara arba'in da biyar, Bamagujiya daga wata unguwa a hayin dam. Ba kuka take ba. Ido kawai ta zuba wa tsagar ƙofa inda ake hango sama.

"Ke ce Tani?"

"Ni ce, ranka shi daɗe."

"Ina kike da safe?"

"Bakin ruwa. Na kwashe zannuwan gado da hantsi na tafi wanki, can ƙasa wajen duwatsu. Ban dawo ba sai da rana ta karkata."

"Wa ya gan ki?"

"Shanun Fulani. Su ma ba su tsaya ba."

"An ce an gan ki kin fito ɗakin tsohuwa da abu."

"Aradu ban shiga ba bayan shara. Kuma ranka shi daɗe, wace mace ce a cikinmu za ta kai hannu ga hauyar Sarkin Noma? A ƙauyenmu mace ba ta taɓa ta. Ita kanta Inna a cikin jan ƙyalle take ɗaukarta, tambaye ta."

"Tsoro ba shaida ba ne, Tani. Na ga masu tsoro da yawa sun yi sata."

Ta gyaɗa kai kamar ta san haka zai ce. "In ka tafi da ni, yaushe za a sake ni?"

"Hutu ake. Alƙali ba zai zauna ba sai Talata. In kuma shaida ta tsaya a kanki, wata shida ne ko fiye."

Ta sake kallon tsagar ƙofa. "Ruwan nan ba zai kai Talata ba. Na share gonata, irina yana cikin tulu. Mijina ƙafarsa ta mutu tun bara. In ruwan shuka ya wuce ni, me za mu ci?"

Sufeto ya danna biro sau uku. Sai ya ce wa Malam Enoch a bar ƙofar a buɗe ta sha iska, a kuma ba ta ruwa. Shi kuma ya fita.

A tsakar gida ya tarar da kwandon wankin da ta dawo da shi, har yanzu ba a shanya ba. Ya tsaya ya dube shi, ya koma bakin sito.

"Tani, zo ki kawar da kayan nan daga rana."

Ta fito, ta sunkuya, ta ɗaga kwandon ta saɓa shi a kafaɗa, a bayan wuya, ta kai shi gindin mangwaro. Sufeto ya bi ta da kallo har ta sauke.

Bitrus ne ya fara shigowa madafa, inda Sufeto ya sa aka aje masa benci bai kuma zauna a kai ba. Ƙato ne baƙi, tafin hannunsa kamar fatar ƙirgi. Shi ne bai bar ƙauye ba, shi ke noma gandun tun rasuwar ubansu.

"Ina kake daga ƙarfe tara zuwa biyu?"

"Bakin dam, yallaɓai. Da Inna da mata da yara. Mun tafi da abinci."

"Ba ka gusa ba?"

"Ko taku ɗaya."

"Matarka ta ce wa kofur ka je duba wani kifi, ka yi awa biyu."

"Kifin ne ya yi nisa."

"Matso nan."

Ya matso. Sufeto ya ɗan sunsuna, ya ja da baya. "Wannan kifin da dawa aka dafa shi."

Kofur Ummaru ya juya baya yana tari. Bitrus ya waiga wajen ƙofa, ya rage murya. "Yallaɓai, don Allah kar Inna ta ji. Ni ne mai jan waƙa a coci gobe. Ƙwarya biyu kawai na sha a unguwar da ke hayi. Mutum bakwai ne a wurin, duk sun san ni."

"Ummaru, ɗauki babur ɗin Malam ka je ka ji."

Da kofur ya fita, Sufeto ya ce, "Kana son hauyar?"

"Ni noma nake so. Da ita da babu ita ni ke shiga gonar nan da asuba. Yaya kuwa ko wace kusurwa ce ke riƙe ruwa bai sani ba." Sai ya ƙara da cewa, "Amma shi ne babba. Ban taɓa cewa ba shi ba ne."

Malam Mark bai jira an kira shi ba. Ya shigo da farar taguwa a goge, da tabarau, yana duba agogo. Akawu ne a wani ofis a Kaduna, shekararsa ashirin a can.

"Sufeto, ban ga abin da ake jira ba. Na ba da shaida. Ku tafi da ita, in ta ji hannu za ta faɗi inda ta kai."

"Zauna, Malam. Ni ne ba na iya zama, kai kana iyawa. Me ya hana ka zuwa bakin dam?"

"Ciwon kai. Kwana biyu ban yi barcin rana ba saboda ɗakin da aka jefa ni. Ka ga inda yake? Can ƙarshe kamar ɗakin baƙon da ba a so. Bayansa injin ban ruwa ne na mai lambu. Kullum daga ƙarfe goma har ɗaya, tar-tar-tar, har gado na rawa."

"Yau ma haka?"

"Yau ma ya fi. Ina kwance na toshe kunne da matashi. Wajen sha ɗaya na kasa jurewa, na tashi na leƙa ƙofa in ga ko Malam Enoch na nan in yi masa magana. Sai na hango matar nan ta fito daga ɗakin Inna da wani dogon abu a naɗe cikin zane. Ta ɗora a ka, ta bi ta bayan madafa."

"A ka?"

"A ka."

"Ba ka kira ta ba?"

"Na ɗauka tsintsiya ce. Kuma ko na kira, wa zai ji ni cikin ƙarar injin nan?"

Sufeto ya rubuta duka, ya karanta masa, ya miƙa masa biro. Malam Mark ya sa hannu da wata doguwar ƙugiya a ƙarshen sunansa.

"Shi ke nan?"

"Tukuna. Ina so in ga ɗakuna."

Malam Enoch ya biyo shi da tarin makullai yana ta bayani. "Ka gani, yallaɓai? Bulo ɗaya, kwano ɗaya. Ni da kaina na auna da igiya. Baƙi ne kawai da son magana, wannan ya ce yana son kusa da madafa, wancan ya ce hayaƙi na damunsa. Ni kuwa nakan ce musu barci ba ya duba lamba."

Sufeto ya shiga na biyu, ya tsaya a tsakiya, ya fito. Ya shiga na uku da na huɗu. A kowanne sai ya leƙa taga, ya saurara, ya danna biro. Mata da yara suna binsa da ido daga ƙofa zuwa ƙofa.

A na biyar ya daɗe. Ɗakin ya fi sauran zafi, domin inuwar mangwaro ba ta kai nan. Tagar tana kallon dangar lambu, ta cikinta ana hango wata 'yar rumfa da inji a ƙarƙashi. A bayan ƙofa akwai takalma ƙafa biyu. Ɗaya baƙi ne mai sheƙi, na zuwa coci. Ɗayan sandal ne, an goge samansa, amma da Sufeto ya kifa shi sai ga baƙar toka ta cika tsagogin ƙasansa. Ya shafa da yatsa, ya sunsuna.

"Malam Enoch, ana ƙona wani abu a gidan nan?"

"A'a. Tokar madafa fara ce, a rami muke zubawa. Wannan ai ta sharar gona ce, ta kara da ƙaya. Sai ka wuce fadama ka hau tudu kafin ka taka irinta."

Sufeto ya aje takalmin yadda ya same shi, ya fita ta gefen danga.

Mai lambun, Shitu, yana tsugune gaban injinsa da sifana a hannu, hannuwansa baƙi ƙirin.

"Salamu alaikum. Kai ne mai hana baƙi barci?"

"Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ni albasa nake wa aiki, ita kuwa ba ta barcin rana."

"Ƙarfe nawa ka tayar da shi yau?"

Shitu ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Yau? Ai ga shi nan kwance kamar mushe. Jiya da la'asar bel ya tsinke. Tun da asuba na hau motar Funtua neman wani, yanzun nan na sauka. Dubi albasata, duk ta kwanta."

"Ba wanda ya tayar maka?"

"Da me? Ko aljani ne sai ya nemo bel."

Sufeto ya yi masa godiya. Yana juyowa ya ga Kofur Ummaru ya dawo. Kofur ya ce maganar Bitrus gaskiya ce, sai dai ƙwarya huɗu ce ba biyu ba.

Saura abu ɗaya. Sufeto ya ja Malam Enoch gefe. "Wa ya raba ɗakunan nan?"

"Ni. Kamar kullum. Makullai a jere suke a ƙusa, wanda ya riga zuwa ya ɗauki na gaba. Bitrus ya kawo Inna da jikoki ranar Alhamis da safe. Malam Mark bai iso ba sai da yamma, saura guda ɗaya."

"Me ka ce masa da za ka ba shi?"

Malam Enoch ya yi tunani. "Na ce, Inna ta riga ta sauka, an raba ɗakuna, ga naka."

"Haka ka ce? An raba?"

"Haka. Laifi ne?"

Sufeto ya dubi gabas. Hadarin ya sake haɗowa, wannan karon ya fi na jiya duhu.

Da ƙarfe biyar da rabi ya tara su a gindin mangwaro. Ya sa aka kai yara ɗaki na uku. Aka kawo wa Inna Rahab kujera. Tani tana tsaye a gefe, hannuwanta a bayanta ko da yake ba a ɗaure ta ba.

"Malam Mark, ka ce ƙarar inji ta hana ka barci yau."

"Na faɗa, na sa hannu."

"Daga goma har ɗaya."

"Kamar kullum."

"Injin ya mutu tun jiya da la'asar. Mai shi yana Funtua tun asuba. Yau ko kaza ta yi tari a lambun nan da ka ji ta."

Malam Mark ya cire tabarau, ya mayar. "To watakila na rikice da jiya. Mai ciwon kai..."

"Watakila. Mu bar inji. Ka ce Tani ta ɗora kaya a ka. Inna, ke da kika tashi cikinsu, matan unguwarsu a ina suke ɗaukar kaya?"

Tsohuwar ba ta ɗago ba. "A kafaɗa. Ni ma sai da na girma na koyi ɗauka a ka."

"Na sa ta ɗauki kwando ɗazu, na gani. Shekara ashirin a Kaduna ta mantar da kai, Malam. Matan birni ka tuna. Sannan wanda ya buɗe akwati ya san makulli yana cikin rigar littafin waƙa, ya bar agogo da 'yan kunne. Sannan akwai tokar sharar gona a sandal ɗinka, kai da ka ce ba ka fita ɗaki ba. Kana jin an tafi bakin dam ka tashi, kafin lokacin inji. Ba ka dawo ba sai bayan lokacin da ya saba yin shiru. Shi ya sa ba ka san bai yi ba."

Iska ta taso ta kaɗa ganyen mangwaro, ta kwanta.

"Yaya," in ji Bitrus a hankali. "Ina take?"

Malam Mark ya juya gare shi. "Kai za ka tambaye ni? Kai da aka riga aka ba?"

"Wa ya ba ni?"

"Kar ka raina mini hankali. A gidan Baba wa ke kwana a ɗakin da ke jikin na maigida? Ba magaji ba? Ni na kwana a ciki tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Na taso tun daga Kaduna da mata da yara, na iso, sai aka miƙo mini makullin ƙarshe aka ce an raba. Kai a jikin Inna, ni a jikin inji. Wace sanarwa ce ta rage ta ranar Litinin? A tara 'ya'yana su ga an miƙa wa ƙanena a gabana?"

"Ina hauyar?" Sufeto ya sake tambaya.

"Tana tsohon rumbun Baba, a kangon gidanmu. Awa ɗaya da rabi ne a ƙafa ta tudu. Ban yi niyyar sayarwa ba. Na ce dai in ba tawa ba ce, ta koma wurin mai ita." Ya dafe goshi. "Da Inna ta buɗe akwati ta yi salati, kowa ya juyo yana kallona, ni kaɗai ne ban je dam ba. Sai na ga matar nan ta shigo da wanki. Bakina ne ya riga ni."

"Bakinka ya riga ka da ƙarfe biyu. Da ƙarfe huɗu da rabi kuma hannunka ya bi shi a takarda."

Inna Rahab ta ɗago kai a karo na farko. "Markus."

Sunan da take kiransa ke nan tun yana yaro. Ya kasa kallonta.

"Ni ban raba ɗaki ba. Makulli aka ba ni na karɓa. Ko lambar da ke ƙofata ban iya karantawa ba."

Tarin makullan da ke hannun Malam Enoch ya yi ƙara, ya sa su a aljihu.

"Na faɗa wa sufeto ba zan gaya masa ba," tsohuwar ta ci gaba. "Yanzu kuwa ba abin ɓoyo. Kai zan ba. Bitrus yana da gonar a tafin hannunsa, ba ya bukatar tagulla ta tuna masa. Kai ne ka yi nisa. Na ce in hauyar tana ɗakinka, ko ba don ni ba za ka riƙa zuwa gida da damina."

Malam Mark ya zame ya zauna a ƙasa, da farar taguwarsa. Matarsa ta rufe fuska da gyale.

Tsohuwar ta juya wajen Sufeto. "Ɗana, kayana ne, ɗana ne. Na yafe. A bar maganar a nan."

"Ta hauya taku ce, Inna, kya iya yafewa. Amma ya sa an kulle baiwar Allah kusan awa biyu cikin gawayi, ya ba hukuma shaidar ƙarya da sa hannunsa. Da ban leƙa lambu ba, da ita ce a bayan motar nan, kuma ba wanda zai ce a bar maganar a nan. Wannan ba naki ba ne."

Inna Rahab ta dubi Tani, ta daɗe tana dubanta. Ba ta sake roƙo ba.

Kofur Ummaru ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza kai, sai kofur ya mayar, ya kama Malam Mark a damtse ya tashe shi. Suka bi ta gaban ɗakunan zuwa mota. Bitrus ya bi su har bakin ƙofar mota, ya ce zai je ya ɗauko hauyar kafin ruwa, gobe kuma bayan coci zai zo Malumfashi.

Malam Enoch ya rako Sufeto yana jan ƙafa. "Yallaɓai, wallahi da igiya na auna su."

"Na yarda, Malam. Gaba in iyali suka zo, ka zube musu makullan a tabarma su ɗauka da kansu."

Iska ta sake tasowa, mai sanyi, da ƙanshin ƙasa daga wajen Danja. Tani ta riga ta kwashe wankin daga gindin mangwaro ta shigar da shi madafa. Ta fito tana ɗaure zanenta tamau, ta tsaya gaban Malam Enoch.

"Maigida, gobe ba ni zuwa. Jibi ma."

"Baƙi fa, Tani? Wa zai yi shara?"

"Ɗakunan duk ɗaya ne, in ji ka. Ka share ɗaya, sauran sa yi koyi."

Ta saɓa ƙwaryarta a kafaɗa, ta bi hanyar hayi da sauri. Sufeto ya tsaya da ƙafa ɗaya a cikin mota har ta haye gadar dam. Sannan ya shiga ya zauna, ya ce wa kofur su tafi.